Jikan Mamuda na Tungar Kanya

Shafi'u ya sauka a Talata Mafara ana tsakiyar bazara, da jaka ɗaya a kafaɗa. Daga Sudan ya zo. A Madani aka haife shi, a unguwar Hausawa, kuma a can yake karatun noman ban-ruwa har yaƙi ya ci garin, jami'arsu ta watse, malamai suka koma koyarwa ta waya daga duk inda kowa ya sami mafaka. Da aka ƙulla yarjejeniyar musayar ɗalibai da wasu jami'o'in waje, abokansa suka zaɓi Masar da Turkiyya. Shi kaɗai ya ce a tura shi Zamfara. Aka tambaye shi dalili, ya ce akwai babban dam a kusa, Bakalori, zai ƙaru da aikin gona. Gaskiya ya faɗa, amma ba duka ba.

Malam Hashimu, jami'in da ke kula da baƙin ɗalibai, shi ya tarbe shi a tasha. Ya zo da shirin yin Turanci, sai baƙon ya rusuna ya gaishe shi da Hausa, ya tambayi gida da iyali da gajiya da zafi, har da lafiyar bisashe. Malam Hashimu ya yi dariya, can kuma dariyar ta tsaya. Ya ce rabonsa da jin irin wannan gaisuwa tun rasuwar kakarsa.

Makon farko ya tafi a zirga-zirga. Aka ɗauke shi hoto, aka yi masa katin shaida, aka kai shi asibitin makaranta aka ɗebi jini, aka je Gusau da fasfonsa aka dawo. A aji rabin Turancin malamai yake tsinta, domin da Larabci ya yi karatunsa. Ɗalibai suka sa masa suna Ɗan Sudan. 'Yan mata kan sa shi magana don su ji yadda yake cakuɗa Larabci da Hausar tsofaffi, shi kuma ya biye musu. Ɗakin kwana aka haɗa shi da Muttaka, wani dogon saurayi ɗan Bakura, ɗan gidan mahauta, wanda duk ranar da ya dawo daga gida sai ɗakin ya ɗauki ƙamshin kilishi.

Wata rana bayan la'asar suna zaune a ɗaki, sai ƙarar mashina masu yawa ta taso daga bakin titi, tana matsowa. Shafi'u bai san lokacin da ya tashi ba. Ya dai tsinci kansa a tsugune a bayan ƙofa, hannu biyu a ka. Ashe 'yan kabu-kabu ne suka rako wani ango. Da ya ɗago, kunya ta kama shi, ya jira dariya. Muttaka bai yi ba. Yana tsaye a jikin taga, takalmansa a hannu. Ya ajiye su a hankali, ya ce su ma nan da mashin ake zo musu. Daga ranar suka fara cin abinci kwano ɗaya.

Abin da ya fi damun Shafi'u kuwa tsofaffin garin ne. Ranar kasuwa ya shiga sayen bokiti, ya hangi wani dattijo a rumfar masu gero, ya ɗan karkata kafaɗar hagu, da tsage a kumatu iri ɗaya da na kakansa. A Madani kakansa kaɗai ke da wannan tsagen a duk layinsu. Ya bi dattijon har bakin masallaci, mutumin ya juyo, ba shi ba ne. Kafin ya fita kasuwar ya sake ganin wani, ya sake ganin wani. Ya koma ɗaki ba bokiti, ya kwanta da zazzaɓi.

A nan ne ya ba Muttaka labari. Kakansa sunansa Mamuda, shi ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsa. Yana saurayi ya bar wani ƙauye da ake kira Tungar Kanya a ƙasar Maradun, ya kama hanyar Makka a ƙasa. Guzuri ya ƙare a Sudan, ya tsaya tsintar auduga don ya tara na jirgi, sai aure, sai 'ya'ya, sai tsufa. Ranar da mayaƙa suka shiga Madani, Shafi'u ya ɗora shi a amalanken jaki suka bi ayarin masu gudu. Tsohon ya cika a hanya. Wasu mutane da bai san su ba suka taya shi tona rami a gefen wata magudanar ruwa, suka rufe shi da rigar jikinsa, aka ci gaba da tafiya saboda ana jin harbi a baya. Magudanan yankin kuwa dubbai ne, duk kamarsu ɗaya. Ko yau aka mayar da shi ba zai gane wurin ba.

Muttaka bai taɓa jin sunan ƙauyen ba, amma ya ce babansa zai sani, don babu rugar da bai shiga ba wajen sayen shanu. Ranar Asabar suka hau mota zuwa Bakura.

Sun sami Ɗan Juma, mahaifin Muttaka, a rumfarsa yana gyaran nama. Ya saurari baƙon bai katse shi ba. Da ya ji sunan Tungar Kanya sai ya ajiye wuƙa, ya goge hannu a jikin tsumma. Ya ce yana yaro ya raka babansa can sayen bijimi, ya tuna kanyar da ke bakin rijiya. Amma garin ba ya nan. Tun da aka datse gulbi ruwa ya hau kansa, shi da gonakinsa da maƙabartarsa. An tashi mutanen an mayar da su kan wani tudu kusa da Maradun, wasu sun watse, wasu suna nan. Ya san wani masunci a cikinsu, Ɗanasabe, uwarsa tana da rai, tsohuwa ce ƙwarai. Ya ja musu kunne su tafi da hantsi, su baro kafin la'asar, hanyar ba ta yamma ba ce.

Washegari suka isa. Ƙauyen jan dutse ne da rana, ba wata inuwar kirki. Ɗanasabe, mutum mai furfura a gemu, ya shigar da su har ƙofar ɗakin uwarsa. Tana zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa da lalube, idanunta sun yi fari fat. Shafi'u ya durƙusa ya yi sallama, ya fara jero gaisuwa kamar yadda aka koya masa.

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya. Ta juyo da kunnenta wajensa, ta ce ya sake. Ya sake.

"Yaya Mamuda," in ji ta, a hankali. "Sai yau?"

Shafi'u ya ɗago ya dube ta. Bai faɗi sunan kowa ba tukuna, ko Ɗanasabe bai gaya wa abin da ya kawo shi ba. Amma shi yanzu ya gane wannan tsohuwa daga labarin kakansa. Kaltumi ce, ƙanwar da kakansa ya baro tana 'yar yarinya, wadda ya yi wa alkawarin ruwan zamzam, wadda ya yi ta kira a kan amalanke.

Ɗanasabe ya ce, "Inna, yaro na, baƙo daga makaranta."

Ta ce ya yi mata shiru, ta san muryar gidansu. Ta miƙo hannu, Shafi'u ya matsa, ta shafa goshinsa, ta gangaro kumatu tana neman tsage. Ba ta samu ba. Yatsunta suka daɗe a wurin, suna komawa suna dawowa.

"Kaka, ni jikanshi na. Shafi'u."

"Shina ina?"

Ya yi niyyar ya ce yana gida, tsufa ya hana shi tafiya. Maganar har ta zo bakinsa. Sai ya ji ba zai iya ba, ya faɗa mata yadda aka yi, bai rage komai ba, har rigar da aka rufe shi da ita.

Ba ta yi kuka ba. Ta yi salati. Sannan ta tambaya ko ya kai Makka. Shafi'u ya ce bai kai ba. Ta gyaɗa kai. Ta ce innarsu har ta mutu, duk shekara idan alhazai suka dawo sai ta share ɗakinsa ta yayyafa ruwa. Da aka zo tashinsu, babansu ya ƙi hawa mota, yana cewa idan yaron ya dawo wa zai tarar, sai da aka ɗauke shi cak. Innar tasu tana ƙarƙashin ruwa yanzu, ita ma ba mai iya nuna kabarinta.

Ta sa Ɗanasabe ya kai Shafi'u ya ga tsohon gidansu. Suka gangara bakin dam su uku, suka shiga kwalekwale. Ruwa ya ja baya saboda bazara, amma da suka yi nisa sai ya koma kore mai duhu. Can Ɗanasabe ya daina tuƙi, ya nuna wani baƙin kututture da ya ɗan leƙo sama, tsuntsu ɗaya a kansa. Ya ce kanyar ce. Rijiya tana gabas da ita, gidansu yana bayan rijiya. Ya ce masunta ba sa jefa taru a nan, ba don an hana ba.

Shafi'u ya leƙa. Ba ya ganin komai sai fuskarsa tana rawa. Rana tana tsaka, ba iska, ba motsin kowa. A cikin shirun nan ya ji kamar ana daka a ƙasa, can nesa, taɓarya biyu suna karɓa wa juna. Ya dubi Muttaka, ya ga shi ma ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasan jirgin. Babu wanda ya tambayi wani. Ɗanasabe ya ɗaga hannu suka yi fatiha, ya juya kwalekwalen.

Da suka dawo sun tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Kaltumi ta aika gida-gida cewa an yi mata rasuwa, yayanta Mamuda ya cika a hanyar Makka. Mata suna ta shiga da ƙoren gero, an fara dakan gumbar sadaka. Aka kama hannun Shafi'u aka zaunar da shi kusa da liman, a wurin masu karɓar gaisuwa.

Mutane suka yi ta zuwa. Yawancinsu ba a haife su ba lokacin da Mamuda ya tafi, amma kowa ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a gabansa, ya ce ya haƙuri, Allah ya jiƙan tsoho, ya sa ya huta. Wani dattijo da aka riƙo shi ya ce tare aka yi musu kaciya, kuma Mamuda ya fi kowa ihu. Aka yi dariya kaɗan. Tun ranar da ya rufe kakansa ba wanda ya yi wa Shafi'u gaisuwa, domin duk wanda ke cikin ayarin nan yana da nasa mamacin. Ya kifa fuskarsa a tafin hannunsa. Muttaka ya matso ya riƙa amsawa a madadinsa.

Inuwa ta fara tsawo, Muttaka ya taɓa shi ya ce lokaci ya yi, gobe kuma akwai lakca da safe. Shafi'u ya shiga sallamar tsohuwa. Ta ƙulla masa gumba a leda, ta ce ya kai wa malamansa su ma su ci sadaka. Ta riƙe hannunsa ba ta saki ba.

"Yaushe za ka komo?"

"Ran Juma'a, Kaka, in Allah ya so."

"Haka kac ce wancan karon," in ji ta.

Ya tsaya bai san wanda take yi wa magana ba. A waje mai mashin ɗin da zai kai su bakin titi yana ta danna oda, Ɗanasabe ya zo ya zare yatsunta daga hannunsa ɗaya bayan ɗaya, suka fita.