Matar da ke Bayan Labule

Sun kai rabin tudun da ke hawa unguwar Pelourinho, Baturen da ya yi hayarsu bai ko kalli kujerar ba. Zubairu na gaba, Idirisu na baya, sanda a kafaɗa, suna bin sa da kujerar ɗaukar mutane wadda ba kowa a cikinta sai lema.

Jiya ya sauka daga jirgin Lisbon. Ya ce a garinsu da ƙafa ake kallon birni. Duk cocin da suka zo sai ya tsaya, ya ɗaga kai, ya ce ta Lisbon ta girme ta.

"Wannan wane irin Bature ne?" in ji Idirisu da Hausa. "Ya yi hayar ƙafa huɗu, yana wahalar da nasa biyun."

Zubairu bai yi dariya ba. Shi bawa ne, gwiwarsa ta dama kuma ta riga shi tsufa. Da safe uwargijiyarsa ta ce in ta sake ganin kujerarsa wayam, gonar rake za ta tura shi, inda tsoho ba ya daɗewa. Ga benenta can a bakin dandali, ita kuwa kullum tana taga kamar an dasa ta.

Ya lallaɓa da ɗan yaren Fotugis ɗin da ya iya. "Maigida, ka hau mana. Rana ta yi zafi."

"Ni ba na hawan ɗan Adam," in ji Baturen. Ya tuɓe kwat, ya jefa musu a kujera. "Ku biyo ni."

Zubairu ya miƙa hannu ya saki labule.

"Idi, matarsa ce a ciki."

"Wace matar?"

"Mai jiki. Yi nishi."

"Kamar wa?"

"Kamar matar sarkin fawa."

"Innalillahi," in ji Idirisu, ya lanƙwashe.

Haka suka shiga dandalin, suna tangaɗi, suna ciccije leɓe. Daidai ƙarƙashin tagar uwargijiya sai Baturen ya tsaya ƙirga gumakan wata coci. Zubairu ya tsaya a duƙe, jijiyar wuya a waje, zufa na zuba. Tunda yake ɗaukar mutane bai taɓa gajiya irin ta ɗaukar ba-kowa ba.

Baturen ya juyo ya dube su da tausayi. "Kun gani? Ba ku saba tafiya a ƙasa ba."

Da la'asar uwargijiya ta kira shi, fuska a sake.

"Na ga abin da ka ɗauko yau. Ashe da sauranka! Maganar gona ta wuce. Daga gobe kai ne mai ɗaukar ƙanena Fada, limamin nan, zuwa coci."

Fadan nan, sai da aka faɗaɗa ƙofar kujerarsa sau biyu.

Zubairu ya durƙusa ya yi godiya, gwiwar ta ce ƙas. A waje Idirisu na jira.

"Yaya aka yi?"

"An yaba," in ji Zubairu. "Ka adana nishinka. Gobe ba sai na ce ka yi ba."