Tafiyar da Miss Vernell Ta Ara

"Sake! Wannan ai tafiyar amarya ce, ba ta uwa ba," in ji Miss Vernell, tana buga sandarta a ƙarfen gado.

Ina tsaye bakin ƙofa da kwanon miyar kaza. An ture kujeru jikin bango, Jalisa, wadda za ta fito a matsayin uwa a sabon wasan Miss Vernell, tana tsakar falo tana haki.

Shekara ashirin da shida Vernell Tisdale na zaune a benen da ke saman ɗakina a unguwar Harlem. Wasannin waƙa da rawa goma sha ɗaya ta shirya a manyan gidajen wasan Broadway, ita ce mai ba da umarni, ita ce mai tsara rawa. Lambobin yabonta suna kan firij, ɗaya ma da ita take tokare taga. Ni kuwa wasiƙa na yi ta rabawa har na yi ritaya, abin da na sani na sana'arta bai wuce ƙarar ƙafa a kan rufin ɗakina ba. Tun Maris likita ya ce zuciyarta ta gaji. Da ta kasa zuwa wurin gwajin wasan, sai gwajin ya biyo ta gida.

"Miss Vernell, sau tara fa ke nan," in ji Jalisa.

"Matar nan ta raka ɗanta jirgi zai tafi yaƙi, 'yata. Gida za ta koma ita kaɗai. Ke kuma kina min rangwaɗa." Sai ta hango ni. "Corinne, ajiye miyar nan ki taka zuwa taga."

"Ni? Da waɗannan gwiwoyin?"

"Su nake so. Taka."

Na taka, ina jin kunya kamar in nutse. Kafaɗata ta hagu ta saba da jakar wasiƙa, har yau a karkace take.

"Kin gani, Jalisa? Ba ta roƙon kowa ya tausaya mata. Ƙafa ce kawai ke bin ƙafa."

Jalisa ta bi bayana, sau ɗaya, sau biyu. A na uku sandar ba ta motsa ba.

"Yauwa," in ji Miss Vernell a hankali. "Corinne, miyar nan da gishiri kuwa?"

"Likita ya hana."

"Likita bai taɓa cika gidan wasa ba."

Ranar Talata da hantsi ta rasu, saura kwana shida a buɗe wasan. Ina riƙe da hannunta, yatsunta na ƙirga wani kiɗa a tafina har suka tsaya.

Jalisa ta aiko min da tikitin wasan rana. Na sa hular cocina. Da aka zo ƙarshe, makaɗa suka yi tsit, sai ga wata mata ta ratso dandamali, kafaɗarta ta hagu a karkace. Mutum fiye da dubu, ba ka jin ko tari. Mutumin da ke kusa da ni ya cire tabarau yana share ido.

"Maƙwabciyata ce ta shirya shi," na ce masa. "A saman ɗakina take."

Aka miƙe ana tafi. 'Yan wasan ba su rusuna ba. Ɗaya bayan ɗaya suka tuɓe takalman rawa, suka jera su a bakin dandamali don girmama Miss Vernell, suka fita da safa. Labule ya sauko a bayan takalman, ya bar su a haske.