Tasoshin da Take Fara Ɗauka

Tun ranar da ta dawo daga jinyar ɗanta Farfesa ya daina ce mata "'yata". Ya koma "Malama". A ɗakin gwaje-gwajen kowa ya ji, kowa ya yi kamar bai ji ba.

Aikinta a kan wani sinadari ne da take sa ran yana kashe ƙwayoyin ciwon daji. Tana rainon ƙwayoyin a 'yan tasoshin gilashi, wasu ta ɗiga musu sinadarin, wasu ta bar su haka nan. Sai ta ɗauki hotunansu a maikiroskof, na'urar da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, ta miƙa wa abokin aikinta Dogo, wanda ya rubuta manhajar da ke duba hoto ta faɗi nawa ne suka mutu. Da hotunanta aka koya wa manhajar aiki. Kullum amsa ɗaya ce: masu sinadari suna mutuwa. A kan wannan digirinta ya rataya.

Da ba ta nan, Dogo ne ya ɗauki hotunan. Bambancin masu sinadari da marasa shi ya ɓace ɓat.

Farfesa ya kira ta ofis, bai ce ta zauna ba.

"Malama, in ke kika ɗauka magani yana aiki. In wani ya ɗauka ba ya aiki. Wane irin magani ne ya san hannun mai shi?"

"Ranka ya daɗe, ban taɓa hoto ko ɗaya ba."

"Ban ce kin taɓa ba. Kwamiti ne zai ce, in na kai musu. Ki kawo mini bayani kafin na kai."

Ta fito tana kallon ƙeyar Dogo. Yana zaune gaban kwamfutoci biyu, ƙafarsa ɗaya a kan kwandon shara, yana taunar murfin biro. Shi kaɗai ya san cikin manhajar. Kuma ya sha yin ƙorafin wai shi ke wahala amma sunansa na uku a takardar da za su wallafa.

"Yaya, irin wannan kallo ai sai ki huda mini riga," ya ce bai juyo ba.

"Aikinka nake sha'awa."

"Allah ya sa."

Sai ta haɗa masa tarko. Ta ɓare lakabin tasoshin ta musanya su: lafiyayyun da ba su ga sinadari ba ta manna musu "mai magani", masu maganin ta mayar da su "babu". Ta kunna maikiroskof, ta jawo masu sabon lakabin "mai magani" ta fara da su, yadda ta saba. Kullum da su take farawa, tana tsoron kada su daɗe a waje su lalace. Dogo har tsokanarta yake yi wai 'yan lelenta ba sa bin layi.

Ta kai masa hotunan, ta jawo kujera ta zauna daf da gwiwar hannunsa.

"Gadi za ki yi?"

"Danna kawai, ƙanena."

Ya danna. Manhajar ta ce rukunin farko sun mutu da yawa, na biyun lafiya lau.

"To ga maganinki ya dawo daga tafiya," in ji Dogo. "Sai ki je ki yi wa Farfesa albishir."

Waɗanda aka ce sun mutu ko ƙanshin sinadarin ba su ji ba.

"Me ka saka mata? Lakabi take karantawa?"

"Wane lakabi? Hoto take gani, lamba ce kawai a kansa."

Ta gaya masa abin da ta yi. Ya cire murfin biron daga bakinsa.

"Wato ni ne ɓarawon. Ni kuma tun da kika tafi nake bin hotunanki ɗaya bayan ɗaya, ina neman inda kika shafa."

"Ka samu?"

"Da na samu da ba ki ganni ina miki dariya ba."

Suka jera hotunan a allo yadda aka ɗauke su, daga na fari zuwa na ƙarshe. A ɗaiɗaiku ido ba ya kama komai. A jere kuwa sai ga shi: na farkon sun ɗan dushe, sun yi ja-ja, haske na ƙaruwa a hankali har ya daidaita. Ƙwan fitilar maikiroskof ɗin tsoho ne, sai ya ɗau zafi yake cika haske. Manhajar ba mutuwar ƙwayoyi ta koya ba. Duhun tasoshin da take fara ɗauka ta koya. Shi kuwa Dogo sai ya kunna na'urar ya tafi shan shayi, ya dawo ya ɗauki wadda hannunsa ya kai.

"Yanzu ya ke nan?" ya tambaya a hankali. "In kika faɗa, babu magani. In kika yi shiru, kwamiti."

Ta kwashe hotunan ta nufi ofis. Ya biyo ta, ba ta ce ya zo ba, ba ta ce ya koma ba.

Farfesa ya saurare su har ƙarshe, ya sa aka sake jera masa hotunan. Sannan ya cire tabarau.

"Tun yaushe kika san da wannan?"

"Yau, ranka ya daɗe."

"Yau." Ya dubi Dogo, Dogo ya gyaɗa kai. "Kai ma yau. To, ba zan kai kwamiti ba. Takardar kuma ta tsaya. A fara daga farko, kuma wanda ya ɗiga sinadari kada ya kusanci maikiroskof."

Yanzu ita ke shirya tasoshin a bayan labule, ta rufe lakabinsu da baƙin salatef, ta cakuɗa su a tire. Dogo ya zo ya ɗauka. Yana tafiya tana bin hannunsa da ido har ya shige, shi ma kafin ya rufe ƙofa sai ya juya tasoshin ya duba ko ta bar wata alama.