Da Yatsunsa Ake Aunawa

"Da yatsun wa kika auna?" likitar gashin ƙashi ta tambaya, tana duban ɗigon farin alli a wuyan hannun direban.

"Da nawa mana," in ji matarsa, wadda kowa ke kira Tela saboda sana'arta. "Na jera uku kamar yadda kika nuna, na ɗauki tsawon da tef don kada ya ɓace min. Kullum sai in ɗiga alli in danna."

Likitar ta gimtse dariya. "Wato kin mai da mijinki yadi."

"Ai gara yadi," in ji direban, idonsa a silin. "Shi ba a tashinsa da sassafe."

Tela ba ta ko murmusa ba. Tun ranar da wata babbar mota ta markaɗe gefen bas ɗin da yake tuƙawa, mijinta ya dawo gida da ƙafarsa, ko ƙwarzane babu, amma kamar an bar rabinsa a bakin titi. Da ya zauna gaban sitiyari sai gabansa ya hau faɗuwa, amai ya taso masa, hannun hagu ya kama rawa. Hannun nan ya koma zaman aljihu, ita ma ba ya bari ta gani. Wuyansa da ya sage ne ya kawo su wannan ɗakin mai warin man zafi, a nan likitar ta koya mata wuraren da ake dannawa da babban yatsa don rage tashin zuciya da fargaba. Tela ta riƙe abin da hannu bibbiyu, ba ta buɗe shago sai ta yi masa. Shiru kake ji. Yau da safe kuwa, yana ɗaure takalmi, ya ce daga asibiti kamfanin da yake wa tuƙi zai wuce, ya ce su ba wani motar.

"Kowane jiki da ma'auninsa," in ji likitar. "Yatsunki sirara, nasa kuwa ga su nan kamar taɓarya. Kin daɗe kina danna gefen wurin. Malam, fito da hagunka, ka jera yatsu uku daga inda hannun dama yake lanƙwasawa."

Bai motsa ba. "Ki auna da naki, likita."

"Nawa ma ba naka ba ne."

Ta dube shi, ta dubi matar, sai ta ce bari ta leƙa mara lafiyar da ke ɗaya gadon, ta ja labule ta bar su.

Tela ta durƙusa a gabansa. Idonta ya ciko, amma ta hana hawayen zuba.

"Maigida, kana tsammani ban san yana rawa ba? Ni nake wanke wandunanka. Aljihun hagu duk ya saki, na sake masa ɗinki ban gaya maka ba."

"Ba na so ki gan ni haka."

"Na gan ka da zazzaɓi kana kiran Inna kamar ɗan yaye. Me ya rage?"

Dariya ta so ƙwace masa. A hankali ya zaro hannun. Yana karkarwa har agogonsa na kaɗawa. Ranta ya so ta cafke shi ta rungume, amma ta naɗe hannayenta a cinya, don ta gane wannan aikin nasa ne. Ya ɗora yatsun, suka zame. Ya cije leɓe ya sake ɗorawa.

Wurin ya faɗo can gaba da ɗigon allinta. Ta sa babban yatsa tsakanin jijiyoyi biyu ta danna, tana murzawa a hankali.

"Wash. Nan kam akwai magana," in ji shi. "Wani tsami nake ji har gwiwar hannu."

"Ja numfashi. Sake shi a hankali, ba birki kake takawa ba."

Ya lumshe ido. Hannun hagu bai daina rawa ba, sai dai ya bar shi a kan gwiwarsa, a fili. Ta ga kafaɗunsa suna sauka kaɗan kaɗan, irin saukar da ta manta rabon da ta gani.

Likitar ta dawo ta duba, ta gyaɗa kai. "Yanzu kin samu. Amma ku ji ni, wannan tallafi ne. Ba zai ɗauke maganinka ba, kuma likitan ƙwaƙwalwa da ka ƙi zuwa wurinsa yana nan yana jira. Kada ka ɗauki fasinja sai ya ce ka isa."

Direban ya daɗe yana kallon wuyan hannunsa. Ya jera yatsun da kansa, ya lalubo wurin, ya danna ba tare da kowa ya taya shi ba.

"Wannan ko a cikin mota zan iya," ya ce, kamar da kansa yake magana.

Tela ta ɗago ta dube shi.

Ya miƙe tsaye. "Likita, ki haɗa ni da mutumin nan, zan gan shi. Tela, ɗauko jakarki ki raka ni kamfani. Zan ce musu su ƙara min lokaci, ina neman lafiya. Motar nan ba zan bar ta ba."