Igiyar Tasalla

Ƙungiyar Aikin Gayya ta Dayi ba ta jefa ƙuri'a a akwati. Ranar zaɓe 'yan takara kan tsaya a filin makarantar firamare, kowa ya je ya yi layi a bayan wanda yake so, saboda haka wanda ya faɗi yakan koma gida ya san fuskar duk wanda ya ƙi shi. Sabo mai gyaran babura sau ɗaya ya waiwaya, ya ga mutum goma sha ɗaya a bayansa. Layin Malam Zubair kuwa, malamin sakandaren da bai fi shekara huɗu da shiga ƙungiyar ba, sai da ya lanƙwasa ya zagaya gindin darbejiya. A cikin layin har da mutanen da Sabo ya haƙa kabarin iyayensu da hannunsa.

Shekara tara Sabo ya yi yana mataimakin shugaba. Bai taɓa cewa yana jiran kujerar ba, domin a ganinsa abin da kowa ya sani ba ya buƙatar faɗa. Da Alhaji Aƙilu, shugaba mai sauka, ya ɗauko tsohon shebur ɗin da aka fara gayyar farko da shi, ya miƙa wa Zubair kamar yadda ake yi duk sabuwar shekarar shugabanci, Sabo ƙotar ya tsura wa ido. Shi ya sassaƙa ta, sau biyu ma, da ta karye. Zubair ya riƙe ta daga tsakiya ya juyo da fuska wajen masu ɗaukar hoto da waya.

Da a ce yaron ya nuna girman kai, da abin ya zo wa Sabo da sauƙi. Amma maganar farko da ya yi a matsayin shugaba ita ce roƙon Kawu Sabo ya ci gaba da zama mataimaki, ya ce shi ba zai iya taka ko'ina a ƙauyukan nan ba sai da shi. Aka yi tafi. Sabo ya miƙe ya yi godiya, ya zauna yana jin kamar an ba shi sadaka a gaban jama'a.

Aikin farko na shekara shi ne yasar rijiyar Gidan Sanda, wata unguwar Maguzawa da ke can bayan gonakin auduga. Rani ya yi nisa, rijiyar ta cika da laka, mata na tafiya mai tsawo neman ruwa. Gidan Sanda kuwa wurin Sabo ne. Lokacin da ƙungiyar ta fara zuwa can, mutanen ba su yarda da 'yan gari ba, sun ɗauka ko wa'azi aka kawo musu ko siyasa. Sabo ne ya yi ta komawa, ya gyara musu injin niƙa, ya ci tuwonsu a ƙwarya ɗaya da su, har suka daina shimfiɗa masa tabarmar baƙi. Sanda ne mai unguwa, amma yayarsa Tasalla, tsohuwa mai daddawa, ita ce ta fara kiransa Na Dayi, kowa ya ɗauka. Duk zuwan da ya yi sai ta rataya masa ƙullin daddawa a kan babur.

Sai da ya shekara huɗu yana zuwa kafin ta ba shi labarin ɗanta Nomau. Shekaru da yawa da suka wuce, Nomau ya shiga yasar wannan rijiya ranar da ita ta tafi kasuwa. Masu riƙe da igiya hira ta ɗauke musu hankali, igiyar ta suɓuce yana tsakiyar hawowa. Bai fito da rai ba. Tun daga ranar ba wanda ke shiga rijiyar sai Tasalla na zaune a bakinta, ƙarshen igiyar naɗe a hannunta. Kowa ya san ba za ta iya jawo ko ɗan akuya ba. Amma muddin tana zaune a wurin, ba mai waiwaye, ba mai dariya. Mutanen unguwar ba sa faɗa wa baƙo wannan zance, kuma a duk ƙungiyar Sabo kaɗai ya san dalilinsa. Shi yake sa ranar yasa tun da aka fara, ba wanda ya taɓa tambayarsa me ya sa ba ya sa Asabar. Asabar ce ranar da tsohuwar take kai wa masu sari daddawa Malumfashi.

Zubair ya zo har shago da littafinsa. Ya ce yana tunanin Asabar mai zuwa, tunda ba makaranta, matasa za su fito da yawa. Ya ce ya aro kurar jan igiya da ƙarafa uku da za a kafa a bakin rijiya, ya samo sabuwar igiya. Sannan ya ɗago kai.

"Kawu, ban da Sanda akwai wanda ya kamata a gani?"

Sabo na durƙushe yana ɗaure sarƙar wani babur. Ya ƙarasa ɗaure notin tukuna.

"Sanda ne mai unguwa," ya ce.

Zubair ya rubuta, ya yi godiya, ya tafi.

Abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma Sabo ya yi kwana uku yana juya wannan gaskiya a ransa. Ba ƙarya ya yi ba. Ba wanda zai cutu. Abin da zai faru ya riga ya gan shi sarai: za a isa da shebur da tuta da masu hoto, Sanda zai tare su a bakin rijiya ya ce yau ba ta shiguwa, matasa arba'in su tsaya cirko-cirko da igiya a hannu. Daga nan idanu za su juyo gare shi ɗaya bayan ɗaya, har da idanun waɗanda suka bi wancan layin. Shi kuma ya matso a hankali, ya ja Sanda gefe, ya sa wata rana. Ɗan darasi ne kawai, kuma ai shugaba na buƙatar sanin cewa ba a littafi ake koyon mutane ba. Idan ya kai nan a tunaninsa yakan ji daɗi, sai kuma daɗin ya dame shi, domin ya lura mai neman gyara wani ba ya jin irin wannan daɗin.

Matarsa Rahama ta san labarin igiyar. Ranar Juma'a da yamma ta tambaye shi ko ya faɗa wa sabon shugaba zancen tsohuwar. Ya ce Zubair bai tambaye shi ita ba. Ta daɗe tana kallonsa.

"Tun da aka yi zaɓen nan," ta ce, "ko gishiri ne ya yi yawa a miya, na san laifin Malam Zubair ne."

Ya ce mata ba ta san harkar ƙungiya ba. Ta ce haka ne, harkar mijinta kawai ta sani.

Asabar da hantsi suka isa a babura da motar a-kori-kura guda. Sanda ya fito da sandarsa, aka gaisa, Zubair ya durƙusa har ƙasa ya yi bayanin abin da ya kawo su. Tsohon ya saurara, ya dubi ƙarafan da ake saukewa, ya dubi hanyar Malumfashi, sannan ya juyo ya kafe Sabo da ido. Tambaya ce, kuma Sabo ya gane ta. Sanda na son ya ji ko Na Dayi ya riga ya gama magana da yayarsa. Wannan ne Sabo bai lissafa ba: cewa zuwansa kaɗai amsa ne. Kalma ɗaya ta isa a lokacin, amma faɗinta na nufin Zubair ya ji cewa ya sani tun farko. Ya sunkuya ya kama kwance ƙullin igiya. Sanda ya numfasa, ya ce to, tunda tare da Na Dayi aka zo, bismillah.

Zubair ya tuɓe riga ya ce shi zai fara shiga, shugaba ba ya tura mutane inda bai taka ba. Matasa suka yi ta tsokanarsa, suna cewa a kula da hannun alli kada ya yi kanta. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya miƙa wa Sabo ɗaya ɓangaren.

"Kawu, kai za ka riƙe ni."

Haka Sabo ya tsinci kansa a gaban masu riƙo, nauyin mutumin da ya fi tsana a duniya na sauka a tafin hannunsa. Bai taɓa riƙe wani abu da ƙarfi irin na ranar ba. Wani a bayansa ya fara ba da labarin ƙwallo, Sabo ya daka masa tsawar da ta sa kowa ya yi tsit. Igiyar sabuwa ce, tana da kaushi, kafin azahar ta ɗaye masa fata, bai yarda an karɓe shi ba. Ya lura matan unguwar, waɗanda a da sukan fito da ruwan gari da guɗa, yau sun tsaya can jikin rumbuna, hannuwa a ƙirji.

Aikin ya yi kyau, abin da ya ƙara masa ciwo ke nan. Aka yi ta fito da laka guga bayan guga, aka yi canjin masu shiga sau biyar ba wanda ya ko kurje. Da la'asar ruwa ya fara tsattsafowa daga ƙasa. Ana cikin murna ne wani ɗan acaba ya tsaya, Tasalla ta sauko da robobinta wayam.

Ta tako a hankali har bakin rijiya. Ta dubi tulin lakar, ta dubi igiyar da ke yashe a ƙasa. Ta tambayi wanda ya fara shiga. Zubair ya matso, laka har gira, ya tsuguna ya gaishe ta.

"Uwarka na da rai?"

"Tana nan, Inna. Tana Funtua."

"Ta san ka shiga rami yau?"

Ya yi 'yar dariya ya ce a'a. Ita ba ta yi dariya ba. Ta zauna a kan wani dutse, ta ce ya matso, kuma a nan, a gaban mutum arba'in, ta ba shi labarin Nomau daga farko har ƙarshe, har da kalar rigar da ya bari a bakin rijiya. Labarin da Sabo ya yi shekara huɗu kafin ya samu, ya kuma yi shekara biyar yana ajiye da shi kamar gadonsa, yaron nan ya same shi a yini ɗaya.

Da ta gama, Zubair ya daɗe kansa a ƙasa. Sabo na jiran ya juyo ya nuna shi, har ya shirya abin da zai ce: ai ban yi ƙarya ba, Sanda ne mai unguwa. Zubair bai ko kalli inda yake ba. Ya ce laifinsa ne, shi ne shugaba, shi ya sa rana bai bincika ba, ta yafe masa.

"Kai ba ka sani ba," in ji Tasalla. "Akwai wanda ya sani."

Ta miƙe. Da ta zo daidai Sabo ta tsaya, ta dubi tafin hannunsa da ya ɗaye, ta daɗe tana duba. Ya ɗauka za ta zage shi, ya so ma ta zage shi.

"Malam Sabo," ta ce, "a gaida gida."

A taron ƙungiya na gaba ba wanda ya ta da zancen. Zubair ya karanta rahoton aiki, ya yaba wa kowa, ya ambaci mataimaki da ya riƙe igiya yini guda. Har yanzu Kawu yake ce masa, har yanzu yana tambayarsa shawara. Sai dai Sabo ya lura duk abin da ya tambaye shi, yakan sake tambayar wani. Ya sha zama a shago yana neman inda ƙaryar take a cikin kalmomi huɗun da ya faɗa, bai same ta ba, kuma rashin samunta bai sa ya ji sauƙi ba.

Bayan sati uku Zubair ya tsaya a ƙofar shagon ya ce sarƙar babur ɗinsa ta saki. Tun kafin Sabo ya sunkuya warin ya iso masa. Ƙullin daddawa biyu ne rataye a kan babur ɗin, ɗaurin da ya sani, da zaren buhu. Ya ɗaure sarƙar, ya zuba mata baƙin mai, ya juya taya ya ga ta daidaita. Zubair ya kwance ƙulli ɗaya ya ajiye a kan benci, ya ce Inna ta ce a kai wa Rahama. Ya ƙara da cewa ranar Laraba za a ɗaure bakin rijiyar da siminti, Inna ce ta zaɓi ranar.

Sabo ya goge hannu da tsumma, ya ce Laraba ba shi da aiki sosai.

Zubair ya dubi kan babur ɗinsa.

"Ta ce ba sai ka wahala ba, Kawu."