Sitiyarin da Ke Shagon Kwamfuta

Ranar da tsohuwar kwamfutarta ta mutu, Mai Zane tana tsakiyar haɗa hoton wani asibiti da kamfaninsu zai nuna wa masu aikin a ƙarshen mako. Fankar ta yi wani irin gurnani, allon ya yi duhu, sai warin ƙonanniyar roba ya cika falon. Ta yi ta danna maɓallin kunnawa har yatsanta ya yi zafi. Shiru.

Sana'arta ke nan. A ba ta zanen gini a takarda, ita kuma ta tayar da shi a kwamfuta, da tagoginsa da inuwarsa da hasken rana a jikin bango, har mutum ya ji kamar ya tura ƙofa ya shiga. Wannan aikin ne ke riƙe da gidan tun bara, tun da tirelar mijinta ta yi taho-mu-gama da wata tankar mai a kan kwana. Dogo ake ce masa, don a da sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. An ciro shi da rai, amma ƙafafun ba su sake ɗaukarsa ba. Tun da aka sallamo shi daga asibiti yake zaune a keken guragu bakin taga, ba ya fita, ba ya son baƙi, maganarsa ba ta wuce "to" da "bar shi".

Rana ɗaya tak ta ji dariyarsa. Ƙaninsa ne ya zo, Auta, malamin makaranta mai tumbi da surutu, ya ɗora masa ƙaramar kwamfutarsa a cinya ya kunna wasan ƙwallo. Tana kicin ta ji Dogo ya kwashe da dariya yana cewa, "Kai ko a allo ba ka iya gudu ba!" Shi ya sa da tata ta ƙone, ta yanke shawarar ba ƙarama za ta sake saya ba. Babba za ta haɗa, irin ta kan tebur, wadda za ta ɗauki nauyin aikinta, ta kuma ɗauki wasa.

Wasan ne ba ta faɗa masa ba. Cewa ta yi, "Maigida, gobe za ka raka ni shagon kwamfuta. Ni zane na sani, ban san ƙarfe da waya ba. Kada a cuce ni."

"Ga Auta nan."

"Auta? Wanda aka sayar wa agogon da ba ya tafiya?"

Bai yi dariya ba, bai kuma ce a'a ba. Da safe ta same shi ya aske gemu.

Shagon dogo ne, siriri, kwalaye jere har rufi. Auta ne ke tura keken, yana shiga tayar ta kwashi wani tarin kwalaye suka zube. Samarin da ke tsaye gaban kanta suka juyo gaba ɗaya, suka kalli keken, suka yi sauri suka kau da kai. Mai Zane ta ga jijiyar wuyan mijinta ta tashi.

"Ba komai, ba komai, fanko ne," in ji mai shagon, wani gajere mai tabarau a goshi. Ya dube ta. "Hajiya, me za a kawo?"

Ta yi masa bayanin aikinta. Ya saurara da kyau, sannan ya fara sauko da kaya yana jerawa a kan gilashin kanta. Ya fara da ɗan ƙaramin kwali wanda bai kai tafin hannu ba.

"Wannan ita ce ƙwaƙwalwar, furosesa. Ga guda biyu. Wannan tana raba aiki kashi-kashi da yawa, tana yi a lokaci guda, ita ce ta masu haɗa hoton gini. Wannan kuma kashinta kaɗan ne, amma ta fi zafin nama a wasa. Aiki kaɗai za a yi, ko har da wasa?"

"Har da wasa mana!" Auta ya cafe. "Ai saboda Yaya ne ma ake son mai ƙarfi."

Mai Zane ta watsa masa harara, amma magana ta riga ta fita. Dogo ya juyo a hankali ya dube ta.

"Saboda ni?"

"Saboda aikina ne. In na tashi, ba sai ta zauna tana kallon bango ba."

"Shi ya sa kika kwaso ni. A saya wa yaro abin wasa ya daina kuka."

"Haba Maigida."

"Malam," ya ce da mai shagon, muryarsa a bushe, "ba ta ta aiki. Wasa ba ya cikin lissafi."

Mai shagon ya sauke tabarau kan hanci, ya ture ɗayan kwalin gefe kamar bai ji komai ba. Ya ɗauko babban faifan da komai ke zama a kansa, madabod, ya nuna mata ramin da ƙwaƙwalwar za ta zauna, ya ce dole su zama 'yan gida ɗaya, in ba haka ba ko da guduma ba za ta shiga ba. Ya kawo sandunan ram, ya ce ga mai aiki irin nata gara su yi yawa, don shi ne teburin da kwamfuta ke baza kayanta a kai. Tana ta gyaɗa kai, amma rabin hankalinta na kan mijinta, wanda ya ƙura wa ƙasa ido, hannayensa riƙe da ƙarfen taya.

Sai aka zo kan katin hoto. Mai shagon ya rungumo shi da hannu biyu kamar jariri, baƙi, mai nauyi, da fanka uku a jere.

"Wannan kam ba maganar wasa kaɗai ba ce, Hajiya. Hasken nan da inuwar da kike faɗa, shi ne ke yin su. Abin da tsohuwarki ke kwana tana yi, kafin shayinki ya huce ya gama. Amma mayunwaci ne, yana cin wuta."

"Kamar ni ke nan," in ji Auta yana shafa tumbi. Ba wanda ya taya shi.

"In yana cin wuta," Dogo ya faɗa ba tare da ya ɗago ba, "me zai ba shi?"

Mai shagon ya kawo akwatin wuta guda biyu. Dogo ya miƙa hannu, aka ɗora masa su a cinya. Ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan, ya leƙa ta ramukan iska, ya murza wayoyin da yatsa. Rabon da Mai Zane ta ga hannayen nan suna taɓa wani abu da marmari har ta manta.

"Wannan ya fi nauyi, wayarsa ta fi kauri. Shi za a ɗauka. Ba a ɗora wa ƙaramin inji babban kaya."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Da ma shi zan ce. Kai ma ma'aikacin lantarki ne?"

"Direba ne!" Auta ya sake shiga, yana murna an samu magana. "Direban tirela. Babu hanyar da bai sani ba."

Fuskar mai shagon ta washe. "Ashe! To ai sai ka gwada katin da kanka." Kafin wani ya yi magana ya zagayo, ya kama keken ya juya shi zuwa lungun shagon, inda aka kafa wani makeken allo mai lanƙwasa, da sitiyari a ɗaure jikin tebur. "Irin katin nan ne a ciki. Babu ruwanka da feda, akwai maɓallin mai da birki a bayan sitiyarin. Kama ka ji."

Allon ya kawo. Ga cikin kan babbar mota, ga madubai, ga kwalta ta miƙe tsakanin duwatsu, rana na sheƙi a kan gilashi. Lasifika ta saki rurin inji har gilashin kanta na rawa. Samarin nan suka matso kallo.

Hannayen Dogo suka hau sitiyarin da kansu. Bayansa ya miƙe. Motar ta tashi, ya ɗauke ta a hankali, ya saita ta a hannunsa, ya leƙa madubi kamar yadda ya saba. Auta ya fara tafi. Ita ma sai da ta ji wani sanyi a ƙirjinta, ta ce a ranta ko dai abin zai zo da sauƙi.

Hanyar ta karya kwana. Daga bayan dutse wata babbar mota ta ɓullo a ɗaya hannun, fitilunta a kunne, ta danna ham mai tsawo.

Dogo bai juya sitiyarin ba. Ya ƙanƙame shi, ƙusoshin yatsunsa suka yi fari, idanunsa a waje. Motar cikin allon ta bar hanya ta daki shingen ƙarfe, sitiyarin ya girgiza a hannunsa, ƙarar fashewar gilashi ta cika shagon. Wani cikin samarin ya tuntsire da dariya, na kusa da shi ya zungure shi.

"Kashe! Kashe shi!" Mai Zane ta daka tsawa. Mai shagon ya ruɗe yana laluben maɓalli, ita ta durƙusa ta fizge wayar daga bango. Shagon ya yi tsit, sai numfashin Dogo da ke fita da ƙyar kamar an danne masa ƙirji. Gumi ya jiƙa masa riga. Har yanzu bai saki sitiyarin ba.

Ta durƙusa gabansa ta shiga ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sanyi ƙalau.

"Maigida, dube ni. Shago ne. Ga ni, ga Auta. Dube ni."

"Ban gan shi ba," ya ce a hankali. "Wallahi ban gan shi ba sai da ya iso."

Ba ta taɓa jin ya yi maganar ranar haɗarin ba, ko da kalma ɗaya. Ta riƙe hannayensa ta ƙi saki. Auta ya kori samarin waje, idanunsa sun kaɗa. Mai shagon ya kawo ruwa yana ta cewa, "Ku yafe ni, ban sani ba, wallahi ban sani ba."

"Mu tafi gida," ta ce. "A bar kayan. Zan roƙi aron wata a ofis."

Dogo ya sha ruwan, ya goge fuska da hannun riga. Ya daɗe yana kallon baƙin allon.

"Yaushe za ki miƙa aikin?"

"Ƙarshen mako."

"To ba inda za mu." Ya juya keken da kansa ya koma gaban kanta. "Malam, saura me?"

Mai shagon ya ce, "Saura gidan da za a zuba su, da abin sanyaya ƙwaƙwalwa, da ma'ajiyar bayanai, da allo."

Haka aka ƙarasa, murya ƙasa-ƙasa. Gidan farko da aka kawo, mai gilashi da fitilu masu launi, katin ya fi shi tsawo, sai aka sauya da wani babba, baƙi, marar ado. Mai shagon ya nuna na'urar sanyaya mai ruwa, Mai Zane ta ce ita dai ba ta son ruwa kusa da aikinta, aka ɗauki mai fanka. Da mai shagon ya ce a bar masa ya haɗa zuwa jibi, Dogo ya girgiza kai.

"Jibi ya yi nisa. Nuna mini yadda suke zama."

Bayan la'asar teburin cin abinci ya zama tamkar gareji. Auta na riƙe da waya yana karanto bayani, Mai Zane na haska tocila, Dogo na ɗaure sukurori. Da zai ajiye ƙwaƙwalwar a raminta sai ya tsaya, ya ja numfashi, sannan ya sauke ta. Ba wanda ya tayar da zancen shago. Da aka rufe murfin, ya ce da ita, "Kunna."

Ta danna. Fankoki suka juya, wata 'yar jar fitila ta kama a jikin madabod, ana hango ta ta ramukan iska. Allon bai kawo komai ba. Suka jira. Auta ya fara salati. Ita kuwa hancinta take ta buɗewa tana neman warin ƙuna.

"Na ƙona ta," in ji Dogo. Ya janye hannayensa ya ɗora a cinya. "Da na bar wa mai ita."

"Babu wari," ta ce. "Auta, me jar fitilar ke nufi?"

Auta ya lalubo a waya. "Wai ram ne bai zauna ba. Wai a danna har sai ya yi ƙara."

"Na ji tsoron kada in karya."

"Yaya, kai da ke ɗaure tayar tirela, yau sandar da ba ta kai cokali ba ce ta gagare ka?"

Ta kashe wutar, ta buɗe murfin, ta haska masa. Dogo ya ɗora manyan yatsunsa a kan sandar, ya danna. Ƙas. Ya danna ɗayar. Ƙas. Ta sake kunnawa. Jar fitilar ta kama, ta ɗan jima, ta mutu. Rubutu fari ya bayyana a allon.

Auta ya yi tsalle har kujera ta faɗi. Mai Zane ta zauna a ƙasa inda take, tocilar na kunne a hannunta.

Kafin magariba ta zuba manhajojinta ta buɗe asibitin daga ma'ajiyar kamfani. Ginin ya tashi a allon cikin ƙiftawar ido, ta juya shi hagu da dama babu ko tsaiko. Auta ya ce yunwa za ta kashe shi a gidan mutane, ya shige kicin yana buɗe tukwane. Dogo ya gangaro da kekensa ya tsaya daf da kafaɗarta.

"Wancan dogon ɗakin na mene ne?"

"Ɗakin jira ne."

"Shiga da ni in gani."

Ta matsar da kujerarta gefe, ta ba shi wuri.