Ɗinki a Jiki

Ranar Talata da hantsi Najaha ta shigo gida da ƙullin leda a hammata, fuskarta a murtuke. Kakarta, Iya Mariyama, tana zaune a inuwar rumfa tana tsince wake a faifai. Ta ɗago kai ta dube ta.

"Injiniya, yau kuma wa ya taɓa ki?"

Najaha ta shige ɗaki, jim kaɗan ta fito sanye da abin da ke cikin ledar. Rigar aiki ce shuɗiya, irin wadda riga da wando suke haɗe, ma'aikata suna ce mata tenu. Hannuwan sun wuce yatsunta suna reto. Ƙafafun suna sharar ƙasa. Tsakiyar wandon ta sauko mata har gwiwa.

Iya ta yi dariya har wake ya zube daga faifan.

"Ke kaɗai ce a ciki, ko da maƙwabta?"

Shekara biyu Najaha ta yi a Damagaram tana koyon aikin kuran, wato wutar lantarki, ta fito ta uku a ajin da maza suka cika. Wani ƙaramin kamfani a nan Matameye, mai girka famfon hasken rana a lambuna, ya ɗauke ta gwaji. Gobe da safe ma'aikata za su tafi wajen Dawce ɗora allunan hasken rana a saman ƙarafa, kuma dokar kamfanin ita ce ba mai taka tsani sai da tenu. Shugaban ma'aikatan, Iliyasu, wanda kowa ke kira Shef, shi ya miƙo mata ledar, idonsa a kan wayarsa.

"Ita ce ta rage," in ji shi. "Kayan kamfani ne, ba a yanka su. In ba ta yi miki ba, ki zauna a shago har sababbi su iso daga Yamai."

Najaha ta san irin wannan zaman. Bara an ɗauki wata Ummu Salma, ita ma aka ce ta jira sababbi. Wata takwas ta yi tana share shago tana dafa shayi, har ta gaji ta bar aikin, aka ce ai mata ba sa jurewa. Ba wanda ya kore ta, ba wanda ya zage ta. Riga mai girma aka ba ta, da kujera. Abin da ya fi ƙona wa Najaha rai shi ne duk wanda ta ba labarin sai ya gyaɗa kai ya ce haƙuri, kamar daga sama rigar ta faɗo a haka.

Ta jawo keken ɗinkin mahaifiyarta na hannu daga ƙarƙashin gado, ta dire shi a kan tabarma.

"Ba kin ce sun hana ba?" in ji Iya.

"Sun hana."

"To ai mai faɗi ta fi sutura ga 'ya mace."

"Iya, a saman tsani hannun riga mai reto waya yake kamawa. Ba kwalliya nake nema ba. Faɗowa ce ba na so."

Sai dai gidan bai san da wata tenu ba. Mahaifiyarta ta tafi suna Kance, sai gobe za ta dawo, aikin duka yana kanta. Ta cire rigar, ta zuba gero a turmi ta surfa, ta bakace, ta wanke, ta kai niƙa bakin titi. Da ta dawo ta shimfiɗa tenu a tabarma. Ba ta da abin awo, sai ta ɗauko wata doguwar rigarta da ta zauna mata daidai, ta ɗora a kai, ta bi gefen da guntun sabulu tana jan farin layi. Awaki suka kama kuka, ta tashi ta dama musu dusa. Ta zauna ta fara juya keke, sai Iya ta ce randa ta ƙafe. Sahu uku ta yi zuwa famfo. Kafin azahar dai ta bi layukan duka da ɗinki, ba ta kai ga almakashi ba tukuna.

Ta saka, ta tsaya a tsakar gida tana juyawa. Rigar ta zauna.

"Tsuguna," in ji Iya.

Ta tsuguna. Zare ya tsinke a bayanta, ɗinkin ya ɓarke tun daga ƙugu.

"Ɗaga hannu, kamar za ki ciro abu a saman rumfa."

Ta ɗaga. Wuyan rigar ya shaƙe ta, hammata ta ƙi sakinta.

"Da rigar zuwa biki kika auna," in ji Iya, ta koma kan wakenta. "Ita wannan tsayuwa kawai ta sani da gaisuwa. Rigar aiki a tsugune ake auna ta. Duk karatun nan ba a gaya muku ba?"

Najaha ta ji haushi, don gaskiya ce. Ta ɗauko reza ta zauna tana warware aikin rabin yini, zare bayan zare. Ta yi salla, ta je ta karɓo niƙa, ta tankaɗe, ta hura wuta ta ɗora tukunya. Sannan ta sake shiga rigar, ta zura zare a allura, ta miƙa wa kakarta. Iya ta yi shekaru tana ɗinkin hannu kafin idonta ya rage, har yanzu yatsunta sun fi keken nan sanin tufa.

"Zan tsuguna, ki kama min ita a jikina, manyan ɗinki kawai. Daga baya in bi da keke."

Iya ta janye hannunta.

"A jikinki? Ba da ni ba. Ba a ɗinki a jikin mutum, tsiya yake jawowa. Cire ki ba ni."

"In na cire, ta ina za ki san inda take kama ni?"

"Ni dai na gaya miki."

"Wace tsiya ce ta wuce in zauna a kujera ina dafa wa ƙarti shayi, takardata tana akwati?"

"Ki ji 'yar nan. Ni na ba ki kujerar?"

Najaha ta tsuguna a gabanta, ta kama gefen rigar ta fara ɗinka wa kanta. Gefen hagu ya yiwu. Na dama ya karkace. Ta soke kanta sau biyu a haƙarƙari. Da ta kai hannu baya, inda aikin yake, sai yatsunta suka ƙi isa. Tana cikin wannan miƙa tukunya ta tafaso ta fara kashe wuta. Ta tashi da allura tana reto a ƙugunta, ta yi talge, ta zuba gari, ta kama muciya da hannu biyu tana tuƙi, hannun rigar na dama yana neman faɗawa tukunya, tana ture shi da haɓa.

Iya ta daina tsintar wake. Kallon bayan jikarta take, yadda tufar ke tattarewa a ƙugu tana ja a kafaɗa duk lokacin da muciya ta juya. Can ta miƙa hannu ta karyo tsinke daga tsintsiya.

"Rufe tukunyar ki zo. Ungo, ciza. A gidanmu in ya zama dole haka ake yi. Wanda ake wa ɗinki ya ciji tsinke, ba ya magana har a gama."

Najaha ta dubi tsinken.

"Ba zan ciza ba."

"Tsinke ne fa, ba wuƙa ba."

"Tun safe ake ce min in yi shiru in jira. Bakina a buɗe za a yi ɗinkin nan. In ba haka ba in ƙarasa da kaina, ko a karkace ne gobe da ita zan fita."

Suka kalli juna. Iya ta yi tsaki mai tsawo, ta sa tsinken a bakinta ita kanta, ta datse, ta nuna mata ƙasa da yatsa.

Najaha ta tsuguna. Ta ji sanyin allura yana bin bayanta, yatsun tsohuwar suna tattaro tufa suna saki, suna barin wuri a kafaɗa da gwiwa. Ita kuwa ba ta yi shiru ba ko na minti ɗaya. Ta faɗi yadda ake haɗa alluna, da yadda ake gane wayar da ke da wuta, da abin da take ganin ya dace a yi wa duk mai cewa haka aka saba. Iya ba ta da bakin ramawa, sai dai in magana ta yi yawa ta ranƙwashe ta a ƙeya.

Da aka gama Iya ta tofar da tsinken.

"Rarar ki ninke ta ciki. Ran da suka nemi abinsu sai a warware, ba wanda ya sani."

Najaha ta cire rigar ta shimfiɗa. Ta gwada ninkin a wuyan hannu, ya yi tudu kamar gammo, ba zai shiga safar hannu ta aiki ba. Kuma ba ta son rigar da za ta riƙa ɓoyo a cikinta. Ta ɗauko almakashi. Tufar tana da kauri, sai da ta sa ƙarfi. Ta yanke hannu biyu, ta yanke ƙafa biyu, ta rage gefe. Tsakanin kwasar tuwo da kaɗa miyar kuka ta bi komai da keke, sau biyu a inda zai sha wahala. Kafin kiran magariba ta tsuguna a ciki, ta miƙe, ta kamo saman rumfa, ba abin da ya yi ƙara.

Washegari ta isa shago motar kamfani tana tsaye, ana loda alluna. Ta cusa ƙaramin hijabinta cikin wuyan rigar, takalmanta a ɗaure. Ma'aikata suka tsaya kallo. Shef Iliyasu ya zagaya ta, ya kama bakin hannun rigar ya juya, ya ga sabon ɗinki.

"Yanka ta kika yi?"

"Na yanka."

"Wa ya ba ki izini?"

"Ba kowa. Kun ce ba mai hawa sai da tenu. Ga tenu."

"Zan gaya wa mai kamfani."

"Gaya masa, Shef. Ka ce ni ce, kada ya wahala wajen nema. In zai yi faɗa ya same ni a Dawce."

Ta sunkuya ta kama ƙarshen tsani. Abdu direba, wanda yake riƙe da ɗaya ƙarshen yana jiran mai taya shi, ya dubi Shef, ya dube ta, sannan ya ɗaga. Suka tura tsanin bayan mota suka ɗaure. Najaha ta taka taya ta haye, ta zauna a kan akwatin kayan aiki.

Shef yana tsaye da waya a hannu, bai kira kowa ba.

"Rana tana yi, Shef," in ji Abdu. "Mu tafi ne, ko a sauke ta?"

Iliyasu ya dubi bayan motar. Ba wanda ya yi alamar zai taya shi wannan aikin. Ya sa wayar a aljihu, ya buɗe ƙofar gaba ya shiga.

"Ja mu je."